Yadda Ake Sa Tsohuwar Amiga Ta Warware Fayilolin LhA Da Sauri

Kusan duk manhajar da za ka samo wa Amiga a yau a matse take zuwa. Rumbun Aminet, inda ake tara manhajojin wannan kwamfuta tun farkon shekarun 1990, ya tsaya ne a kan tsarin matse fayil na LhA, wanda asalinsa aikin Haruyasu Yoshizaki ne na ƙasar Japan, Stefan Boberg kuma ya rubuta wa Amiga nata. Kwamfutar zamani kafin ka ɗaga yatsa daga maɓalli ta gama da irin wannan fayil. Amiga 500 kuwa, wadda Commodore ya fitar a 1987 da firosesa Motorola 68000 mai gudun 7.09 MHz a samfurin Turai da RAM 512 KB, sai ka zauna ka jira ta. In fayil ɗaya ne, jiran ba wani abu ba ne. In kana girka babbar manhaja ko kana jera wasanni masu yawa a kati, yini zai iya tafiya a haka.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke farawa da sayen katin ƙarin gudu mafi tsada, su kafa, sannan su ga bambancin bai kai yadda suka zata ba. Warware fayil aiki uku ne a jere: karanto matsattsen fayil daga faifai, lissafin mayar da shi yadda yake, da rubuta abin da ya fito. Kowane kayan ƙari ɗaya daga cikin ukun yake taɓawa, wani lokaci biyu. Wanda bai san wanne ne ke cin lokacinsa ba zai zuba kuɗi inda babu ciwo.

Mataki na 1: Auna ayyukan uku daban-daban

Zaɓi fayil ɗaya na LhA da za ka riƙa gwaji da shi daga farko har ƙarshe. A kan A500 mai RAM 1 MB, wanda bai wuce 200 KB ba ya isa. A kan A1200 kana iya ɗaukar ninki biyu ko uku na haka. Sa masa suna gwaji.lha. Umarnin Date na AmigaDOS, wanda ake bugawa a tagar umarni ta Shell, yana nuna lokaci har daƙiƙa, don haka buga shi kafin aiki da bayan aiki ya wadatar, ko da kwamfutar ba ta da agogon batir. Gara ka rubuta umarnonin a ɗan fayil ka kira shi da Execute, don kada saurin yatsunka ya shiga cikin awon.

Awo na farko na karatu ne kawai:

Date
Copy DH0:gwaji.lha TO NIL:
Date

DH0: sunan babban faifai ne, NIL: kuma yana zubar da duk abin da aka tura masa ba tare da rubutawa ba. In daga fulofi kake aiki, sa DF0: a madadin DH0:. Awo na biyu na lissafi ne zalla. Kwafe fayil ɗin zuwa RAM:, wato faifan wucin gadi da Amiga ke buɗewa a cikin RAM, tukuna, sannan:

Date
lha -q t RAM:gwaji.lha
Date

Harafin t yana sa LhA ya warware komai, ya duba ingancinsa, amma bai rubuta ko'ina ba. Awo na uku, buɗe folda da MakeDir DH0:fito, sai ka buga lha -q x RAM:gwaji.lha DH0:fito/ tsakanin Date biyu. Kada ka manta da alamar / ta ƙarshe, da ita LhA ke gane cewa wurin saukewa kake nufi. Cire lokacin awo na biyu daga na uku, abin da ya rage shi ne lokacin rubutu. Kowane zagaye ka share abin da ke cikin foldar kafin ka sake.

Rubuta lambobin nan uku a takarda. Duk canjin da za ka yi nan gaba, ɗaya bayan ɗaya, da su za ka gwada shi.

Mai aiki da fulofi tun a nan zai ga amsarsa. Faifan Amiga yana juyawa sau 300 a minti, kowane layi kuma yana ɗauke da yanki 11 masu bait 512, wato bait 5,632 a kowane juyi. Ko da babu ɓata lokaci ko kaɗan, abin da zai iya bayarwa bai wuce kimanin 28 KB a daƙiƙa ba, cikakken faifai mai 880 KB kuma ba zai karantu a ƙasa da rabin minti ba. A aikace ya fi haka jinkiri. Babu firosesan da zai canza wannan. Haka ma na'urar Gotek da ake sawa a madadin fulofi: tana hutar da kai daga ruɓaɓɓun faifai, amma da gudun fulofi take miƙa bayanai, domin kwaikwayonsa take yi.

Mataki na 2: Gane irin RAM ɗin da kake da shi

A nan ne mafi yawan ruɗani yake, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

RAM ɗin da Amiga ta zo da shi ana kiransa Chip RAM, domin ba firosesa kaɗai ke amfani da shi ba. Hoton sikirin, sauti, fulofi da na'urar zane ta blitter duk daga cikinsa suke ɗiba, kuma guntun da ake kira Agnus ne ke raba musu lokaci. Kamar famfo ɗaya ne a unguwa wanda wasu gidaje ke da ikon shiga gaban layi: hoton sikirin ba ya jira, firosesa ne ke jira. Commodore ya tsara abin da dabara, ta yadda a sikirin mai launi 4 na Workbench 1.3, wato fuskar tagogi da gumaka ta Amiga, firosesa na samun rabonsa kusan cikakke. Amma da zarar ka mayar da sikirin mai ƙananan ɗigo na Workbench, wato hires, zuwa launi 16 a kan A500, zanen hoto yana cinye dukkan damar shiga RAM muddin ana zana layin da ido ke gani. Firosesa sai a gefen layi da tsakanin hoto da hoto yake samun shiga.

Fast RAM kuwa na firosesa ne shi kaɗai, Agnus ba ta da iko a kansa. Shi ne ake nema.

Tarkon yana ƙarƙashin A500. Katin A501 mai 512 KB da ake sawa ta ƙofar ƙasa, da ire-irensa, in ka buga Avail za ka ga an lissafa shi a layin fast. Amma yana zaune ne a adireshin $C00000, kuma ta hannun Agnus ake isa gare shi, don haka duk jiran da Chip RAM ke yi shi ma yana yi. Shi ya sa masu Amiga ke ce masa Slow RAM. Yana ƙara maka wuri, ba ya ƙara gudu ko kaɗan. Fast RAM na gaskiya a A500 yana shigowa ne ta ƙofar gefen hagu mai haƙora 86 ko ta soket ɗin firosesa, yana farawa daga $200000, kuma wannan fili yana ɗaukar har 8 MB. Katunan ƙarin gudu masu 68030 zuwa sama sukan ajiye nasu RAM ɗin can sama da 16 MB na farko. Manhajar ShowConfig da ke zuwa da sababbin Workbench, ko SysInfo, za su nuna maka adireshin kowane yanki, daga nan ka san gaskiyar abin da ke cikin injinka.

In kana da Slow RAM da Fast RAM tare a kan Kickstart 1.2 ko 1.3 (Kickstart shi ne ginshiƙin tsarin Amiga da ke cikin guntun ROM), tabbatar ana kiran FastMemFirst, da ke foldar System, a farkon Startup-Sequence, fayil ɗin umarnonin da Amiga ke bi in ta tashi. In ba haka ba tsarin zai iya fara loda LhA cikin Slow RAM alhali mai saurin yana zaune babu kowa. Daga Kickstart 2.0 tsarin da kansa yake jera su daidai.

Mataki na 3: Abin da ba ya cin ko kwabo

Kafin sayayya, rage launin Workbench zuwa 4 ka sake awo na biyu. Wanda ke da sikirin mai launi 8 ko 16 kuma ba shi da Fast RAM zai ga bambanci nan take. Sannan ka riƙa amfani da -q. Sunayen fayiloli da lambobin ci gaba da LhA ke bugawa a tagar Shell zane ne, kuma duk layin da taga ta gangara blitter ce ke kwashe shi cikin Chip RAM ɗin da firosesa ke jira. A fayil mai ƙananan abubuwa ɗaruruwa wannan ba ƙaramin lokaci ba ne. Ƙara -b64 don LhA ya riƙa ɗibar 64 KB a kowane karatu, in RAM ɗinka ya isa.

Abu na ƙarshe, kada ka karanta daga faifai kana rubutawa a kansa a lokaci guda, musamman fulofi ko tsohon faifai mai juyawa, domin kan karatun zai yi ta kai da kawowa. Ɗauki matsattsen fayil zuwa RAM: ka warware zuwa faifai, ko ka karanta daga faifai ka warware zuwa RAM:. Ka dai tuna RAM: daga cikin RAM ɗin da LhA ke buƙata yake ci. In ya cika Fast RAM, sauran aikin zai gangara Chip RAM, gudun ya koma gidan jiya.

Mataki na 4: Zaɓen kayan ƙari bisa abin da awo ya nuna

In karatu da rubutu ne suka fi tsawo, wurin ajiya kake buƙata, ba firosesa ba. A600 da A1200 suna da mahaɗar faifai ta IDE mai fil 44 a ciki, don haka adaftar katin ajiya na CF (CompactFlash) mai araha ta gama magana. A500 ba ta da ita, sai ta gefe. Na zamanin da akwai A590 na Commodore, mai ɗaukar RAM har 2 MB, da HD8+ na kamfanin GVP mai ɗaukar har 8 MB. Dukansu suna ba ka faifai da Fast RAM na gaskiya a akwati ɗaya. Ka lura Kickstart 1.2 ba ya iya tashi daga irin wannan faifai kai tsaye, sai 1.3 zuwa sama.

In lissafi ne ya fi tsawo, sai mu duba abin da firosesa ke yi. Tsarin lh5, wanda mafi yawan fayilolin Aminet ke amfani da shi, yana da aiki iri biyu. Na farko, karanta lambobin Huffman waɗanda tsawonsu ya bambanta, wato a yi ta tura bit hagu da dama ana duba jadawali. Na biyu, kwafo jerin haruffan da suka riga suka fito daga taga mai 8 KB ta baya. A kan haka kuma kowane bait da ya fito sai an shigar da shi lissafin CRC, wanda ke tabbatar da cewa fayil bai lalace ba. 68000 yana da rauni a na farkon: tura lambar bit 16 yana cin bugun agogo 6, da ƙarin 2 a kan kowane matsayi, don haka turawa sau 8 bugu 22 ne. Daga 68020 an sa wa firosesa sashe na musamman da ke yin turawar a lokaci ɗaya komai yawanta, ga kuma kash, wato ƙaramar ma'ajiya a cikin firosesa, mai bait 256 da ke riƙe umarnonin da ake ta maimaitawa. Shi ya sa tsallakawa daga 68000 zuwa 68020 ko 68030 ke ba da riba fiye da abin da lambar MHz kaɗai za ta nuna. 68030 ya ƙara kash na bayanai mai bait 256, 68040 yana da 4 KB kowanne, 68060 kuma 8 KB kowanne.

Kada ka kashe kuɗi a kan FPU, guntun lissafin ɓangarorin lamba, saboda wannan aiki. Warware fayil ba ya taɓa lissafin ɓangarorin lamba, ba zai rage maka ko daƙiƙa ɗaya ba. Musanya 68000 da 68010 ma ribarsa kaɗan ce ƙwarai.

Ga mai A1200, wadda ta fito a 1992 da 68EC020 mai gudun kusan 14 MHz da Chip RAM 2 MB, shawarata a fili take: fara da katin Fast RAM na ƙofar ƙasa. Wannan firosesa a ɗaure yake muddin Chip RAM kaɗai gare shi, kuma Fast RAM na ninka gudunsa kusan sau biyu ba tare da an canza komai ba. Babu wani ƙari a duniyar Amiga da ke biyan kuɗinsa kamar wannan. Akwai sharaɗi guda. Katin RAM zalla mai 8 MB yana hawa kan adireshin da ramin kati na gefe, PCMCIA, ke amfani da shi daga $600000. In ta PCMCIA kake shigo da fayiloli daga wata kwamfuta, mayar da katin RAM ɗin zuwa 4 MB da ɗan maɓallin da ke jikinsa. Katunan da ke da firosesa nasu, irin Blizzard 1230 IV na kamfanin Phase5 mai 68030 a 50 MHz, ba su da wannan matsala domin RAM ɗinsu yana can sama. Wata riba kuma: IDE na A1200 da A600 ba ya kai bayanai RAM da kansa, firosesa ne ke ɗaukar kowace kalma da hannunsa. Saboda haka ƙarin gudun firosesa yana rage awo na farko da na uku ma, ba na biyu kaɗai ba.

Ga mai A500 maganar ta ɗan bambanta, kuma gara a faɗe ta yadda take. Fast RAM kaɗai a kan 68000 mai 7 MHz da sikirin mai launi 4 ribarsa a gudu matsakaiciya ce. Babban amfaninsa wuri ne da zai ba ka damar aiki cikin RAM:. Wanda ke son canji na gaske sai ya haɗa da firosesa. ACA500plus na Individual Computers yana shiga ta gefe ba tare da an kwance kwamfuta ba, yana kawo firosesa dangin 68000 mai 14 MHz, RAM kusan 8 MB da ramukan CF biyu, wato ya taɓa ayyukan ukun gaba ɗaya. TF536, cikin jerin Terrible Fire na Stephen Leary, yana zama a soket ɗin firosesa da 68030 mai 50 MHz, RAM 64 MB da mahaɗar IDE. PiStorm na Claude Schwarz kuwa Raspberry Pi yake sawa ya yi aikin firosesa, kuma da manhajar Emu68 ta Michal Schulz awo na biyu yakan ragu har ya zama ba shi ne abin dubawa ba. Ni dai ga wanda bai saba kwance inji ba, na gefe nake fara nuna masa, domin ranar da wani tsohon wasa ya ƙi tashi, zare shi kawai zai yi.

Mataki na 5: Kafawa

Kashe kwamfuta ka zare wuta daga bango kafin ka taɓa kowace mahaɗa. Ƙofar gefen A500 kai tsaye take haɗe da ƙafafun firosesa, sa kati ko zare shi da wuta a jiki na iya kashe injin. Goge haƙoran mahaɗar da sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke bod da shi, ka bari ya bushe. Lokacin hunturu, da iska ke bushewa, jikin mutum kan tara wutar da ke tartsatsi in ya taɓa ƙarfe, kuma wannan kaɗai ya isa ya lalata guntu. Taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa tukuna, ka riƙe kati ta gefensa.

In katin na soket ne, ɗaga 68000 mai ƙafa 64 a hankali, kaɗan daga wannan kai kaɗan daga wancan, ka lura da gefen da ke da ɗan yanka domin sabon katin ma nan zai fuskanta. Tunda ka buɗe, duba katin A501 in akwai: batirin da ke cikinsa yana yoyo bayan shekaru yana cin layukan bod, a A500 Plus kuma a kan babban bod ɗin yake. Cire shi. A600 da A1200 kafasitocinsu ne ke yoyo, kuma wanda bai canza su ba zai iya ganin sabon kati yana kawo matsalar da ba laifinsa ba ne.

Akwatin wuta ma abin dubawa ne. Kati mai 68030 ko Raspberry Pi yana jan wuta fiye da 68000, tsohon akwati kuma zai iya kasa riƙe 5V. Alamarsa ita ce kwamfuta ta yi ta faɗuwa daidai lokacin da aiki ya yi nauyi, kamar tsakiyar warware babban fayil. Samfurin Turai ya dace da wutar 230V ta Najeriya da maƙwabta, na Amurka kuwa na 110V ne, kada ka sa shi a bango sai da taransifoma mai ragewa.

Bayan ka kunna, buga Avail da ShowConfig ka tabbatar sabon RAM ya bayyana, sannan ka maimaita awo ukun kafin ka taɓa wani saiti.

Mataki na 6: Sa manhaja ta san an yi canji

Da yawa a nan suke barin rabin ribar da suka saya. Fakitin lha.run na Aminet yana fitar da LhA kala uku: lha_68k, lha_68020 da lha_68040. Kwafe wanda ya dace da firosesanka zuwa C: da sunan lha. Mai 68030 na 68020 zai ɗauka, mai 68060 kuma na 68040. LZX, wani tsarin matse fayil wanda Jonathan Forbes da Tomi Poutanen suka fitar a 1995, shi ma haka yake zuwa kala-kala. Kada ka sa na 68020 a kan 68000, faɗuwa zai yi.

Sai kash. Buga CPU shi kaɗai a Shell, daga Workbench 2.0 zuwa sama, zai gaya maka firosesan da ya gani da ko kash a kunne yake. A kan 68030 buga CPU CACHE BURST ka sake awo na biyu, in ya ragu ka sa layin a S:User-Startup. Mai Workbench 1.3 zai yi amfani da SetCPU na Dave Haynie. Kash na bayanai ba ya aiki a kan Chip RAM, domin sauran guntaye na iya canza abin da ke ciki ba da sanin firosesa ba, wanda wani dalili ne kuma na tabbatar da cewa aikin cikin Fast RAM yake gudana. 68040 da 68060 suna buƙatar 68040.library ko 68060.library da ta dace da katin a LIBS:, SetPatch ne ke loda ta. In babu ita firosesa ba zai yi cikakken gudunsa ba, wasu manhajoji ma ba za su tashi ba.

Kickstart yana cikin ROM mai jinkiri in aka kwatanta da RAM ɗin kati, kuma duk karatu da rubutun faifai ta cikinsa suke bi. Kwafe shi zuwa Fast RAM yana cin har 512 KB amma yana rage awo na farko da na uku. Katunan Blizzard suna da maɓallin MapROM don haka. A kan 68030 mai MMU, wato sashen da ke sarrafa adireshin RAM, umarnin CPU FASTROM yana yi. 68EC030 ba shi da MMU, umarnin ba zai yi masa aiki ba.

Mataki na 7: Saitin faifai

Wannan mataki ya shafi gudu, ya kuma shafi lafiyar fayilolinka. Buɗe HDToolBox, shiga saitin kowane ɓangaren faifai, ka duba MaxTransfer, wato iyakar bayanan da ake ɗiba a lokaci ɗaya. Ga katin CF ko faifan IDE a kan mahaɗar A600 da A1200 da tsofaffin Kickstart, sa 0x1FE00, ka danna Return bayan ka rubuta, in ba haka ba ba zai karɓa ba. Lambar da ta fi haka tana sa manyan fayiloli su lalace a ɓoye yayin karatu ko rubutu. In LhA yana ta kawo kuskuren CRC a manyan fayiloli alhali ƙanana suna fita lafiya, nan za ka fara dubawa kafin ka zargi RAM.

Mai A590 ko wani katin da ke kai bayanai RAM da kansa ya kula da Mask, saitin da ke faɗin yankin RAM ɗin da katin zai iya kai wa bayanai. Irin waɗannan katuna 16 MB na farko kaɗai suke iya gani. In ka haɗa su da katin ƙarin gudu mai RAM a sama, tsarin fayil zai koma ɗibar bayanai yanki-yanki ta bafa, wato ƙaramin wurin ajiyar wucin gadi a RAM, har ka ga faifai ya fi jinkiri bayan ka ƙara firosesa. Mafita ita ce ka bar RAM a jikin A590 ɗin, ko kuma, wanda ya fi, ka mayar da ajiyarka kan mahaɗar IDE ta sabon katin.

HDToolBox yakan ba kowane ɓangare bafa 30. Da Fast RAM a hannu, AddBuffers DH0: 200 yana ƙara 100 KB, kuma yana taimakawa sosai wajen fayil mai ƙananan abubuwa da foldoji da yawa, domin bayanan folda ne ake ta komawa kansu. Ka tabbatar tsarin fayil na ɓangaren FFS ne ba tsohon OFS ba, wanda bait 488 kaɗai yake ajiyewa a kowane yanki na 512. Wanda ya fi duka a wurina shi ne PFS3, musamman PFS3aio da Toni Wilen ke kula da shi. Yana rubuta ƙananan fayiloli da sauri fiye da FFS nesa ba kusa ba, kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu ba ya barin faifai cikin dogon aikin tantancewa da FFS ke shiga. Ga wanda ke zaune inda wuta ke zuwa tana tafiya, wannan dalili kaɗai ya isa, tare da ƙaramar UPS, tunda duk abin da ke RAM: yana tafiya da wutar. Canza tsarin fayil yana share ɓangaren, don haka kwashe kayanka tukuna. Ka kuma tsaya ƙasa da 4 GB na farkon kati in tsarinka bai kai AmigaOS 3.1.4 na 2018 ko 3.2 na 2021 ba, sai in ka sabunta direban faifan.

Mataki na 8: Rage aikin tun daga tushe

Bayan an sami CF, lissafin matsewa yana juyewa. A zamanin fulofi matsewa riba ce, domin karanta rabin bayanai sannan a warware su ya fi karanta cikakkensu sauri. Da kati mai sauri da firosesa mai jinkiri, warwarewar ce ta zama nauyi. Fayil ɗin da kake buɗewa a kai a kai, sake haɗa shi da zaɓin -z, wanda ke tara fayiloli ba tare da matsewa ba, sai buɗe shi ya zama kwafi kawai. Haka tsofaffin manhajojin da aka matse da PowerPacker ko Imploder don su shiga fulofi: duk lokacin da ka kira su sai sun warware kansu kafin su tashi. Warware su sau ɗaya da xfdDecrunch ka ajiye su a buɗe.

In kuma tarin fayiloli ne masu yawa, kamar jerin wasannin WHDLoad, manhajar da ke kunna wasannin fulofi daga babban faifai, zare katin CF ka sa shi a kwamfutar zamani, ka haɗa shi da WinUAE, manhajar da ke kwaikwayon Amiga a Windows, a matsayin faifan Amiga, ka sa gudun firosesa a mafi girma, ka yi warwarewar da LhA na Amiga a ciki. Kada ka buɗe fayilolin da manhajar Windows sannan ka kwafa. Amiga tana da alamomin kariya a jikin kowane fayil, kamar s na fayilolin umarni da p, da kuma bayanin da ake liƙa wa fayil, waɗanda Windows ba ta san da su ba, wasu sunaye ma ba ta yarda da su. Fayil zai iso kamar lafiyayye amma ya ƙi aiki. In Windows ta ce katin ba shi da tsari tana neman ta gyara shi, ƙi amincewa, domin tsarin Amiga ne ba ta gane ba. Rufe WinUAE gaba ɗaya kafin ka zare katin, ka mayar da shi Amiga, sannan ka buga lha t a kan babban fayil guda ɗaya daga katin don ka tabbatar MaxTransfer ɗin da ka sa yana aiki a kan injin na gaske.